Riƙon Pegi

Kusa da Dolgellau, Wales
Nuwamba, 1993

Zuwa ga ƙanena Gethin,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da tumakin mutane da ka tsallake duniya don ka yi wa aski, sai ka ce namu ba su da gashi. Ni dai da sauƙi, in ban da gwiwar nan ta hagu da ke gaya mini za a yi ruwa tun kafin mai rediyo ya faɗa. Na san za ka ce me ya kawo takardar Menna bayan shekara da shekaru. To, kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, kuma a dangin nan yanzu daga ni sai kai sai Kawu Idwal. Dole ka ji.

Kawu ya samu shanyewar ɓarin jiki a ƙarshen watan Agusta. Yana gidan kula da tsofaffi a cikin gari. Yana gane mutane, amma baki ya karkace, magana ba ta fita. An sayar da gonarsa, Hafod Wen. Emrys maƙwabcinsa ne ya saya, har da garken, tunda ka san tumakin tudu ba a raba su da tudunsu.

An tuna da tumaki, an tuna da tarakta, har kajin an raba. Ba wanda ya tuna da Pegi, karyar kiwonsa. Ba ka san ta ba, bayan tafiyarka aka haife ta, jikanyar Mot ce da ta taɓa yaga maka wando. Emrys ya ɗauka tana wajena, ni kuma na ɗauka ta bi garke zuwa wajensa. Sai da na hau ɗauko wa Kawu rigar sanyinsa na ji ƙarar sarƙa daga rumfar ciyawa ta can sama.

Gethin, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Haƙarƙarinta duk a waje, gashi ya zube, sarƙar ta ci wuyanta har ta nutse cikin nama. Buhun abincin tumaki ta yaga ta rayu a kai, da ruwan da ke ɗiga ta rufin. Ba ta yi haushi ba, ba ta kaɗa wutsiya ba. Ta juya fuskarta ga bango kawai. Na zauna a kan ciyawa na yi kuka, ni da ko ranar da aka binne mijina sai da na koma gida na yi.

Ƙungiyar ceton karnuka ta zo ta ɗauke ta. Shugabarsu wata Madam Hollis ce, 'yar Ingila, mai magana da karnuka kamar jikokinta. Likitan dabbobi ya yanke sarƙar, ya ɗinke wuyan. Sun ba ni riƙonta har a samu mai ɗauka dindindin. Yau sati uku tana ƙarƙashin teburin kicin ɗina. Tana cin madara da ɗanyen ƙwai, amma sai na fita daga ɗakin.

Ga abin da ya sa na rubuto. Madam ta ce wa zai ɗauki karyar kiwo mai shekara bakwai? Manoma ba sa so, don fiton Kawu kaɗai ta sani. Kai ne ka tashi a hannunsa. Shin kana da niyyar dawowa gida, ko sai an aiko mana da ƙashinka a akwati?

Yayarka,
Menna

Tsibiran Falkland
Disamba, 1993

Yaya Menna,

Na samu takardarki, jirgin da ke kawo mana gari da sukari ne ya kawo ta, ta sha hanya har ta yi laushi. Lafiyata ƙalau, sai bayana da ke ƙara kamar tsohon ƙyaure, muna tsakiyar aski. Ki gaida gwiwa. Har yanzu bakinki bai mutu ba, na gode Allah.

Labarin Kawu ya kashe mini jiki. Mutumin da in ya yi fito a ƙofar gida ake ji a bayan tudu! Ki riƙe hannunsa ki ce Gethin na gaisuwa, ki ce har yau da almakashin da ya ba ni nake gyara gindin tunkiya.

Maganar Pegi kuwa, na karanta sau biyu na fita waje. Kada ki ga laifin manoma. Kowane makiyayi da nasa fiton, kuma Kawu nasa daban ne da na kowa, don shi da yatsa ɗaya yake yi, a gefen baki. Kare in ya girma a kan fiton mutum ɗaya, shi ke nan, na wani iska ce kawai a kunnensa. Na saka miki kaset cikin wannan ambulan. Na yi miki duka: fiton tafi dama, fiton tafi hagu, fiton taho da su, da kuma fiton kwanta. Fiton kwanta shi ne babba, dogo ne mai faɗuwa a ƙarshe. Ki koya, in haƙoran roban nan naki za su bari.

Abu ɗaya zan gargaɗe ki. Yanzu da ba ta da ƙarfi ba ki da matsala. Ranar da ta ji jini a jikinta, aiki za ta nema. Ki sa ido.

Kin tambaye ni dawowa. Na gaji da nan, Yaya. Iska ba ta tsayawa, ba itace ko ɗaya, naman tunkiya safe da rana da dare. Da an gama haihuwar tumaki zan tattara in taho. In Emrys zai ba ni hayar tsohon gidan Kawu, in riƙa taya shi kiwo, to Pegi tawa ce. Ki gaya wa Madam ɗinki ta daina neman mai ɗauka.

Ƙanenki,
Gethin

Kusa da Dolgellau
Fabrairu, 1994

Gethin ɗan albarka,

Ina gaisuwa. Sanyi ya kwantar da ni sati guda amma na tashi. Kawu yana nan yadda yake. Na karanta masa takardarka, da na zo wajen almakashi ya matse hannuna.

Ka ga Pegi yanzu! Gashi ya fito baƙi wuluk, farin wuyan ya rufe tabon. Rannan ina yanka burodi sai na ji hanci mai sanyi a bayan gwiwata. Na tsaya cak kamar an dasa ni, kada in kore ta. Tun daga ranar take cin abinci ina kallo.

Kaset ɗinka ya tayar mana da hankali. Ina kunnawa ta zabura, ta bi ɗaki ɗaki tana neman Kawu, har ƙarƙashin gado. Da dogon fiton ya zo kuwa, sai ta zube a tsakar kicin, haɓa a ƙasa, ido a kan rediyon. Ni kam na gwada, haƙorana suka yi tsalle suka faɗa cikin kwanon wanke-wanke. Emrys ya zo ya gwada har fuskarsa ta yi ja, ta dube shi ta yi hamma. Ya ce, "Yaya Menna, wannan ko limamin coci ya yi mata fito ba za ta kwanta ba."

Kafin takardarka ta iso an riga an gwada ba da ita. Wasu mata da miji daga Chester, masu yara uku, suka tafi da ita. Ba a yi sati ba suka dawo da ita, wai ta tara yaran a lungun lambu ta hana su motsi, ta ɗan kama ƙaramin a dunduniya. Na ce ai ni da na yi shekaru ina dafa wa yaran makaranta abinci, da na samu irinta da na huta.

Sai kuma Madam Hollis ta zo da murnarta. Ta samo wani dattijo mai gadin gonar furanni can gabashin Ingila, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba tunkiya ko ta magani. Ta ce irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Na ce a'a, mai ita na nan tafe, da an gama haihuwar tumaki, ƙarshen Afrilu ke nan. Ta ce, "Kin tabbata?" Na ce jinina ne, in ya faɗa ya faɗa. Ta tafi tana girgiza kai.

Gargaɗinka ya tabbata. Ranar Lahadi ina coci ta haura katangar bayan gida. A ina aka same ta? Ta hau tudu ita kaɗai, ta tattaro garken Kawu kaf, ta gangaro da su har ƙyauren Hafod Wen. Ta tsare su a nan, tana kallon ƙofar gidan, tana jira a fito a buɗe. Ba kowa a gidan, Gethin. Tun hantsi har la'asar suna tsaye, ba ta bar ko ɗaya ta ci ciyawa ba.

Emrys bai yi faɗa ba. Ya ce tumakin ciki ne da su, in na bari ta sake a watan gobe, ba ya lamunin abin da zai faru. Na ce ya yi haƙuri zuwa Afrilu. Ya yarda da maganar hayar gidan ma. Na fara wanke labule.

Yayarka,
Menna

Kusa da Dolgellau
Afrilu, 1994

Gethin,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Ni ba ni da lafiya, ba kuma gwiwa ba ce.

Ta sake. Na ƙara wa katanga tsawo, ta haƙa ta ƙasa. Na kulle ta a kicin, ta fasa gilashin taga ta fita da jini a ƙafa. Ana dusar ƙanƙara ranar, saura kwanaki kaɗan tumakin su fara haihuwa. Na ɗauki rediyon da kaset ɗinka na bi ta, tsohuwa da ni, ina jan ƙafa a kan tudu. Na ƙure muryar rediyon, iska ta kwashe fiton kafin ya wuce tsawon igiyar shanya. Ina ji ina gani ta gangaro da su a guje.

Ba ta ciji ko ɗaya ba, ka sani. Aikinta ta yi, kuma ta yi shi da kyau. Amma tunkiya mai tsohon ciki ba a sa ta gudu. Cikin satin nan da yawa suka yi ɓari, biyu suka mutu da 'ya'yan a ciki.

Emrys ya zo da hula a hannu, ya ƙi zama. Ya ce, "Yaya Menna, na ɗauko bindiga ranar, doka ta ba ni. Na auna ta, sai na ga yadda take kallon ƙofar Kawu, na kasa. Amma ina da iyali. Ki ɗaure ta, ko ki kira likita ya yi mata allurar mutuwa."

Na buga wa Madam waya a kan dattijon mai furanni. Ya riga ya ɗauki wani kare. Ta ce yanzu da sunan Pegi ya ɓaci da ɓarnar tumaki, duk wanda ya tambaya dole ta gaya masa gaskiya, kuma ba wanda ke sake bugowa. Ba ta ce mini ai na gaya miki ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

To na ɗaure ta. Igiya ta tauna, ta fata ma ta tauna. Ƙarshenta sarƙa na sayo, da hannuna na zagaya ta a kan farin gashin nan da na yi wata biyar ina shafa wa mai. Ba ta yi gardama ba, har miƙo wuyan ta yi.

An gama haihuwar tumaki jiya. Gidan Kawu a share yake, na kunna wuta don ya bushe. Kullum motar fasinja ta tsaya a bakin coci sai na leƙa. Kana ina?

Menna

Tsibiran Falkland
Mayu, 1994

Yaya Menna,

Takardunki biyu tare suka iso, ina can wani tsibiri muna gyaran shinge, ba jirgin da ya je. Lafiyata lau. Kaina ne ya yi nauyi tun da na karanta.

Yaya, wane Afrilu? Haihuwar tumakin nan nake nufi. Nan yanzu muke shiga sanyi, sai Oktoba suke fara haihuwa, a gama a Nuwamba. Na sa hannu da maigidana zan kai shi har lokacin. Shekara takwas ina nan, na saba, ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa ke tudun Hafod Wen za ki duba. Mu ba mu taɓa ƙirga wata ba, daga askin tumaki sai wankansu sai haihuwarsu, haka Kawu ya koya mana duka. Da na rubuta Nuwamba da yanzu tana can cikin furanni. Na rasa inda zan sa kaina.

Na tambaya ko za a kawo ta nan. Maigida ya yi dariya, ya ce karen da ya taɓa jawo ɓari ko kyauta ba ya so, ga kuma tsare dabba da ake yi wata da watanni kafin a sake ta.

Tunda abin ya kai haka, gara in faɗa miki sauran. Ko Nuwamban ma ban da tabbas. Akwai wata mai suna Sheena, ita ke koyar da yaran gonakin nan. Lokacin da na rubuto miki mun yi faɗa, shi ya sa na ga duk tsibirin ya ishe ni. Yanzu mun shirya. Ita nan aka haife ta, ba ta son jin maganar tafiya. Ina lallashinta, ban san yadda za ta kaya ba.

Ki daure ki riƙe Pegi a sarƙar zuwa ƙarshen shekara. Kare yana da haƙuri, ta yi wanda ya fi wannan ta rayu. Ki ba Emrys haƙuri, ki gaida Kawu. Kada ki yi fushi da ni, Yaya, ke kaɗai gare ni.

Ƙanenki,
Gethin

Kusa da Dolgellau
Yuli, 1994

Gethin,

Na samu takardarka. Ina gaida Sheena, ban san ta ba amma ba ta yi mini komai ba. Gwiwa tana nan. Na yi fushi, na zage ka a kicin har na gaji, sannan na zagi kaina, don ni ma na san can duniyar a juye take. Yanzu fushin ya ƙare, sai baƙin ciki.

Ka ce kare yana da haƙuri. Ba ka gan ta ba. Sati biyu da ɗaurewa ta rage ci, daga baya ta daina gaba ɗaya. Na dafa mata hanta, na fasa ƙwai, na fita daga wajen kamar da, ko sunsunawa ba ta yi ba. Tabon ya buɗe. Ta koma ta juya fuskarta ga bangon rumfata, daidai yadda na same ta. Madam Hollis ta zo ta gani, ta ce ƙungiyarsu ba ta cire kare daga sarƙa don ta mayar da shi sarƙa ba. Likita ya ce ba za ta kai lokacin kaka ba, balle Nuwamba. Suka bar mini zaɓi, ni ce mai riƙo.

Ana gobe za a tattaro tumaki don aski sai ga Emrys. Ya tsaya yana murza hularsa, ya ce, "'Yan raguna sun yi ƙwari yanzu, gudu ba zai yi musu komai ba. Ki kawo ta gobe. Ki kawo tsohon ma, in za su ba ki shi."

Suka ba ni shi. Muka sa shi a mota da keken guragunsa, muka ajiye shi a tsakar gidan Hafod Wen da bargo a gwiwa. Maƙwabta duk sun zo taya aiki kamar kullum, kowa da karnukansa. Emrys ya ce kowa ya riƙe nasa.

Na cire mata sarƙar. Da farko ba ta tashi ba. Sai wata tunkiya ta yi kuka a can sama, ta ɗaga kunne ɗaya. Ta miƙe tana tangaɗi, na ce a raina ko katangar farko ba za ta kai ba. Gethin, ta tafi. Ta bi ta gefen rafi, ta ɓace mana, can sai muka ga tudun ya fara motsi. Ita kaɗai, ba fito, ba kira. Ta kawo su a hankali wannan karon, don ba ta da ƙarfin gudu.

Ta tsayar da su a bakin ƙyaure, ta juya ta kalli ƙofar gidan yadda ta saba. Na tura keken Kawu har jikin ƙyauren. Ya daɗe yana lalube da hannunsa mai lafiya kafin ya zare sakatar, ni na tura. Suka shige, tana bayansu har ta ƙarshe.

Sannan ta gan shi. Ba ta yi tsalle ba. Ta zo ta tsaya a gabansa tana jira. Ya sa yatsa ɗaya a gefen baki, ya hura, ya sake hurawa. Iska ce kawai ta fito, da yawu. Amma ta kwanta, haɓarta a kan takalminsa.

Likita yana cikin motarsa a bayan rumfa, ni na ce ya zo. A nan ya yi mata allurar da ta hutar da ita har abada, hannun Kawu na kanta. Emrys ya haƙa mata rami a gindin katanga, ta wajen tudu. Aka ci gaba da aski, don tumaki sun riga sun taru.

Ga kaset ɗinka na mayar maka, ba na son ganinsa a gidan. Emrys ya ba wani yaro daga garin Bala hayar gidan, labulen na bar musu.

Kawu ya rage cin abinci tun ranar. In na je sai ya riƙa kallon bayana, ko akwai mai shigowa. Ban ce masa kana tafe ba, ban kuma ce ba ka tafe ba. In za ka zo ka gan shi, kada ka ce mini bayan aski ko bayan haihuwa. Ka rubuto mini sunan watan.

Yayarka,
Menna